Kuɗin gwauruwa ko na Bilatus: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, in kana son sayen tsohon kuɗin tagulla na zamanin Yesu, tsakanin tagullar Sarki Iskandar Yannai da ta Bilatus, gwamnan Roma a Yahudiya, fara da ta Yannai. Ita ce ake ce wa kuɗin gwauruwa, saboda matar nan da ta zuba ƙananan kuɗi biyu a Haikali, a Markus 12 da Luka 21.

Yannai ya mulki Yahudiya daga 103 zuwa 76 kafin haihuwar Almasihu, kuma an buga kuɗinsa da yawan gaske, har zamanin Yesu suna yawo a kasuwa. Shi ya sa yau ba su da tsada. Gefe ɗaya anka ce ta jirgin ruwa da sunansa da Girkanci, ɗaya gefen tauraro mai tsinke takwas. Tawa ba ta kai farcen babban yatsana ba, bugun ma ya karkace, rabin rubutun ya fita waje. Ranar da ta iso na ɗora wa mahaifiyata a tafin hannu. Ta daɗe tana juya ta, sannan ta ce ko aninin da suka kashe suna yara, mai huda a tsakiya, ya fi wannan girma. Sai ta yi shiru. Tun daga ranar, in an karanta wurin nan a coci sai ta waiwayo ta dube ni.

Ta Bilatus kuwa, na saya na yi da-na-sani. Sunansa ma ba ya jiki, na Kaisar Tibariyas ne. Shekaru uku kaɗai aka buga kuɗinsa, 29 zuwa 31 bayan haihuwar Almasihu, wasu da ludayin hadaya da zangarniya uku, wasu da sandar bokayen Roma mai lanƙwasasshen kai. Na biya kuɗi mai yawa, abin da ya zo mini a goge yake, shekarar ba ta karantuwa. In ba ka ga shekarar ba, me ka saya?

Ka yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce maka wannan ce ainihin wadda gwauruwar ta riƙe, ƙarya yake yi, ba mai iya tabbatar da haka. Takardar shaidar da mai kanti ya buga da kansa ba hujja ba ce. Wasu suna manna ƙasa da gam don ɓoye gyara, wasu suna sake sassaƙa rubutun da ya shafe. Nemi hoton gefe biyu da nauyinta, ka kuma tambayi inda ta fito. In daga Isra'ila ce, sai da izinin fitarwa na hukumar kayan tarihin ƙasar. In ka ga kore mai gari-gari a jiki, ciwon tagulla ne, yana cin ƙarfen, bar ta.

Sayi ta Yannai wadda anka da tauraron suka fito sarai, ba wadda aka saka cikin abin wuya ba.