Na biya dubu arba'in a ofishin biza, aka sanyaya mini gwiwa

Ni ma'aikacin jinya ne, shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani asibitin gwamnati a Kano. Matana biyu, 'ya'yana biyar, ga mahaifiyata a ƙauye tana jiran abin da zan aika ƙarshen wata. Na fara da wannan ne domin da wannan mudun na auna ofishin da zan ba ku labarinsa. Saurayin da duk dukiyarsa jaka ɗaya ce, wataƙila ya shiga ya fito da wani ra'ayin daban.

Abin da ya kai ni kuwa kowa a asibiti ya san shi. Tun da aka saki naira a 2023, fam ɗin Ingila ya yi ta hawa har ya taɓa dubu biyu, hirar ɗakin hutunmu ta koma ɗaya: wane ya tafi, wance ta ci jarrabawa, wane ya turo hoto cikin rigar sanyi. Wani abokin aikina da ke garin Bradford a Ingila ya gaya mini albashinsa, na ninka da dubu biyu a waya, na ga miliyan huɗu a wata. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ofishin yana hawa na biyu a wani bene wajen Zoo Road. Asalin sana'arsu Umara da tikitin jirgi, daga baya suka ƙara abin da suke kira shawarar fita waje: ka biya naira dubu arba'in, a zauna da kai sau biyu, a duba ko ka cancanci biza, a kuma yi maka lissafin zaman ƙasar da kake so. A watan Oktoban 2025 na je. Wurin tsaf yake, akwai kujeru da fanka, amma na yi awa ɗaya da rabi ina jira duk da cewa su suka ba ni lokaci. Rasit ma sai da na tambaya sau biyu.

Mutum biyu ne ke wannan aikin, kuma kamar ba ofishi ɗaya suke ba.

Zaman farko da mai ofishin aka yi, wani Alhaji mai fara'a da ƙamshin turare. Bai tambaye ni shekarun aikina ba, bai tambayi iyalina ba. Yana jin na ce nas ne ni, sai ya gyara zama.

"Ai Malam, kai kakarka ta yanke saƙa. Ka bar wahalar jarrabawar nan tasu. Akwai mutanenmu a can da ke da gidan kula da tsofaffi, miliyan tara kawai, su turo maka takardar ɗaukar aiki, wata uku kana Landan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba an rufe wannan hanyar ba?"

Ya ce ai Bature bai taɓa rufe ƙofa bai bar taga ba. Na yi dariya don kara, amma raina ya ɓaci. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta daina karɓar sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, kuma tun 11 ga Maris na 2024 ta hana su tafiya da iyali. Takardar ɗaukar aikin ma ba hajar sayarwa ba ce, dokarsu ta hana mai ɗaukar aiki ya ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Ko dai Alhaji bai sani ba, ko ya sani. Duk wanda ya kasance a ciki, bai kamata a ji shi daga bakin mai karɓar kuɗin shawara ba. Da a nan aka tsaya, da na ce muku kada wanda ya hau benen nan.

Zama na biyu, bayan an ɗage mini shi sau ɗaya, wata matashiya na tarar a ƙaramin ɗaki, da kwamfuta da takarda da biro. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta buɗe shafin gwamnatin Birtaniya, ta juyo allon yadda zan gani, ta ce mu karanta tare. Wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta.

Ta bi da ni hanyar daki-daki. Nas ba ya aiki a can sai da rajistar NMC, hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma a Birtaniya. Kafin nan akwai jarrabawar Turanci: IELTS da maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu, ko kuma OET wadda ta ma'aikatan lafiya ce. Sai jarrabawar sanin aiki ta CBT da ake yi a kwamfuta tun daga nan gida, sai OSCE, ta gwajin aiki da hannu, wadda sai ka isa Birtaniya za ka yi ta, kuma kafin ka ci ta albashin mataimaki za a riƙa biyanka. Kuɗin hukumar kaɗai a lokacin: fam 140 na duba takardu, 83 na CBT, 794 na OSCE, 153 na rajista, jimla 1,170. Asibitoci da yawa suna ɗauke wa mutum wani ɓangare, amma ta ce in rubuta shi a matsayin nawa har sai na ga akasin haka a takardar aiki. Ga gwajin tarin fuka da dole kowannenmu ya yi a asibitin da suka amince da shi, na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja shi ne mafi kusa da mu. Labari mai daɗi guda ɗaya a ranar shi ne bizar ma'aikatan lafiya ba ta da harajin asibiti na fam 1,035 a shekara da sauran masu biza ke biya, ni da iyali duka an yafe.

Sai ta ɗago kai ta ce, "Yallaɓai, kada ka ga na shiga maka gida. Iyali nawa ne?"

Na ce biyu.

Ta ajiye biron. Ta ce Birtaniya mata ɗaya take bari a shigo da ita, ko da auren duka halastacce ne a nan. Wannan na taɓa ji sama-sama. Abin da ban taɓa ji ba shi ne na yaran: ba a ba yaro biza sai iyayensa biyu suna can ko suna nema tare, in ba ɗayan ya rasu ba, ko ka nuna kai kaɗai ke da alhakin renonsa, ko akwai wani dalili mai ƙarfi ƙwarai. Ma'ana, duk wadda na bari, da 'ya'yanta na bar ta. Uwargida uku gare ta, amarya biyu. Ni da nake lissafin kwashe yaran duka su yi boko kyauta, iyayen su riƙa karɓa-karɓa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na shekara biyu ina cikin rukunonin WhatsApp na masu shirin tafiya, ban taɓa ganin an kawo wannan maganar ba, saboda mafi yawan masu bayani a ciki ba matsalarsu ba ce. Wannan tambayar tata ita kaɗai ta biya dubu arba'in ɗina.

Daga nan muka shiga lissafi, a kan mutum biyar: ni da uwargida da yaranta. Albashin nas a matakin farko na NHS, wato asibitocin gwamnati, a Ingila fam 31,049 ne a shekara a lokacin. Ta cire harajin kashi 20 a kan abin da ya haura 12,570, ta cire kashi 8 na inshorar ƙasa, ta cire na fansho. Abin da ya rage a hannu bai cika fam 2,000 a wata ba, ya yi saura kaɗan. To ga miliyan huɗun tawa.

Ta buɗe shafin tallan gidaje na Rightmove muka duba haya da idonmu. Landan ko minti biyu ba mu yi a kanta ba, gida mai ɗaki biyu ya kusa cinye albashin gaba ɗaya. A Bradford muka ga masu dama-dama wajen fam 850, kuma haya ce ta wata-wata, ba ta shekara irin tamu ba. Ta rubuta 140 na harajin ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ke biya ba mai gida ba, 170 na wuta da gas, 40 na ruwa, 80 na mota, 50 na waya da intanet, 500 na abinci. Ta ja layi: 1,830. Saura kamar fam 150, wato naira dubu ɗari uku. Da ita zan ciyar da amarya da yara biyu, in biya musu makaranta, in aika wa Inna, in kuma amsa kiran duk ɗan uwan da ya ji an ce ina Turai. Ba rigar sanyi a ciki, ba tikitin zuwa gida ko da rasuwa aka yi.

Na ce ai uwargida za ta iya aiki, tunda bizar iyali ta ba da dama. Ta ce haka ne, amma wa zai riƙe autan mai shekara biyu? Can ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro ta katanga, gidan reno kuma da kuɗi. Tallafin yara da gwamnati ke ba 'yan ƙasa bai shafe mu ba, don sharaɗin bizar ne kada ka taɓa kuɗin tallafin gwamnati.

Kafin a tashi ma akwai wani tudun. A lokacin biza fam 304 ce kowane kai in ta shekara uku ce, mutum biyar 1,520. Kuɗin nuna ƙarfi a banki na kwana 28 a jere: 1,270 nawa, 285 na mata, 315 na ɗan fari, 200 kowane sauran, jimla 2,270, sai in asibitin ya tsaya maka. Ga kuɗin ajiya na mai gida da ke kaiwa hayar mako biyar, ga hayar watan farko, ga tikiti biyar. Filina na Rijiyar Zaki na gani yana tafiya a kan takardar nan.

Lissafin nata ba ya rasa gyara. Da na tura wa abokina na Bradford hotonsa, ya ce ta manta da ƙarin aikin dare da na ƙarshen mako: kashi 30 na dare da Asabar, kashi 60 na Lahadi, kuma da shi mutanenmu ke numfashi. Ya ce kuɗin abincin ma za a iya rage shi in an san shagunan 'yan Pakistan da ke cike da garin, naman halal da shinkafa ba wahala. A ganinsa fam ɗari uku ko huɗu za su iya ƙaruwa, amma da jikinka za ka biya. Haka kuma ba ta gaya mini cewa Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna ƙarancin ma'aikatan lafiya ba, abin da ya sa ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitoci da dillalai farautar ma'aikata a nan. Kai da kanka za ka nemi aikin kai tsaye a shafin asibiti. Wannan babban giɓi ne, don shi ke nuna cewa duk dillalin da ya ce zai samo maka aikin NHS, akwai alamar tambaya a kansa. Na yi zargin ta sani, amma bango ɗaya ne tsakaninta da mai biyanta albashi. Ta dai nuna mini jerin masu lasisin ɗaukar baƙi aiki da ke shafin gwamnati, ta ce duk sunan da aka ba ni in fara nemansa a ciki, ko da daga ofishin nan ya fito. Na gane karatun.

Ta ambaci batun zaman dindindin a gurguje: shekara biyar ne a lokacin, amma a watan Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fito da shirin mayar da shi goma ga yawancin baƙi, don haka kada in gina gida a kan lambar.

Inda suka ba ni kunya sosai shi ne Saudiyya. Ofishin da ke kwasar mutane Umara kowane wata, na tambayi yadda nas ke samun aiki a can, sai kallon juna. Ni na gaya musu akwai tantance takardu na DataFlow da jarrabawar lasisin aiki ta Prometric, cewa ba a cire harajin albashi, kuma masu aiki a kamfanoni masu zaman kansu suna biyan riyal 400 a wata kan kowane mutum ɗaya na iyali. Wanda ya biya kuɗin shawara bai kamata ya koma malamin masu shawarar ba. Kanada kuwa takarda ɗaya suka miƙo mini, wadda ko kwanan wata babu a jikinta.

Duk abin da yarinyar nan ta nuna mini kyauta yake a intanet, wannan gaskiya ne. Mai haƙurin karanta Turancin gwamnati zai iya riƙe dubu arba'in ɗinsa. Ni dai na shekara biyu da waya a hannu ban haɗa shi wuri ɗaya ba, domin abin da nake son gani kawai nake karantawa. In za ka je, ka nemi a haɗa ka da mai yin lissafin tun zaman farko, ka tafi da takardar albashinka da shekarun yaranka, ka faɗi yawan matanka ko ba a tambaye ka ba. In aka kawo maganar miliyoyi don takardar aiki, ka ce za ka yi shawara da gida, ka sauko.

Takardar lissafin tana cikin aljihun kayan aikina, ta fara yagewa a wurin ninki. Uwargida ta gani, ta ce ita sanyi ba ya yi mata. Amarya ta gani, ba ta ce komai ba, sai washegari da zan fita ta tambaye ni, "Baban yara, da ta yiwu, wa za ka ɗauka?" Na ce mata na makara. Filin yana nan ban sayar ba, OET kuma na ɗage ta, na fara tattara takardun DataFlow.