Jirgin sojojin ya burge ni, akwatin wutarsa ya ƙona min rai

Wata biyu ina bin mai kayan gwanjon nan a waya kafin ya ce kwalin ya iso Kaduna. Ƙaramin jirgin ƙasa ne na masu sha'awa, samfurin HO, wato an rage girman na gaske sau 87. Kan jirgi ɗaya, taragu shida marasa rufi ɗauke da tankokin yaƙi da motocin soja, sai wani jan tarago na masu wasan dabbobi da ya ce kyauta ya ƙara min.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne. Muna yara mukan tsaya kusa da tashar Kaduna Junction mu ga manyan motocin soja ɗaure da sarƙa a kan tarago, kuma wannan hoton ne ya sa na fitar da kuɗina.

Da na buɗe kwalin, wallahi sai da na kira uwargida. Sarƙoƙin ƙarfe ne na gaske, ba roba ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'yan farantan da ke tsakanin tarago da tarago. Da su ake lodi: mota ta hau gangara daga ƙarshen jirgi, ta yi ta tsallakawa har ta kai wurinta. Masu wasan dabbobi na Amurka ne suka yi suna da wannan dabara tun 1872, lokacin da ayarin Barnum ya koma yawo a jirgin ƙasa, kuma har gobe sojoji na loda motocinsu haka. Sai na ga ashe jan taragon bai zo a banza ba, balle jirgin gaske na Ringling, kamfanin wasan dabbobi na Amurka, ya daina tafiya tun 2017.

Daren nan na shimfiɗa layin a falo, yara sun zagaye ni, na sa akwatin wuta a soket. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ƙara, sai hayaƙi da warin ƙonanniyar waya. Autana ya fashe da kuka. Da na juya akwatin na haska da tocila, ga shi a rubuce ƙanana: 120. Wutar Amurka ke nan, tamu kuwa 230 ce. Mutumin da ya shekara yana shigo da kayan can ai ya san wannan, kalma ɗaya ta isa ya ce in nemi na'urar rage ƙarfin wuta.

Na kira shi. Ya ce, "Alhaji, ai kowa ya sani." Na ce, "Malam, da na sani zan ƙona kuɗina da hannuna?" Ya ce kayan gwanjo ba a mayarwa.

Mai gyaran rediyon unguwarmu ne ya cece ni. Ya ce kan jirgin wuta 12 kawai yake sha, ya haɗa min wani akwatin. Yanzu yana tafiya lafiya, har fitilar gabansa na kamawa, kuma in ya ja tankokin nan a kwana ina jin daɗi ƙwarai.

Sai dai a wajen gyaran ne muka gano maƙalar tarago biyu a karye take, an like da gam. Dole in sa su a can baya, in ba haka ba su tsinke a hanya. Wannan ma bai faɗa min ba. Jirgin zan riƙe shi, amma taragun da nake son ƙarawa a wurin wani zan nema.