Dafaffiyar kaza ko biskit ɗin kanti: wanne ya fi dacewa da horon kwikwiyo?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane tukuici ya fi dacewa wajen horo. Ga kwikwiyo ɗan wata 3 irin naka, tsakanin dafaffen naman kaza da biskit ɗin karnuka na kanti, ɗauki kaza kai tsaye.

Abin da ake nema a tukuicin horo shi ne ya zama ƙarami, mai taushi, mai ƙamshi. Idan ka ce "zauna" ya zauna, lada ya kamata ya shiga bakinsa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya haɗiye ya ɗago kai yana jiran umarni na gaba. Tsokar ƙirjin kaza ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Ka dafa ta da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa, ka cire fata da ƙashi, ka bari ta huce, sannan ka yanka ta kamar ƙwayar wake. Kwikwiyon da hankalinsa ke kan akuya ko yaran da ke wasa a tsakar gida, da ya shaƙi ƙamshin nan za ka ga ya juyo, kunnuwa a tsaye, ido a kan hannunka. Wannan juyowar ita ce rabin horon, kuma nama ne ke kawo ta.

Sai lissafi, domin a nan mutane ke ɓata cikin kwikwiyo. Tukuici kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini. Kwikwiyo mai nauyin kilo 5 a wannan shekarun yana buƙatar kimanin kalori 700 a rana, ke nan rabonsa na tukuici kalori 70 ne, wanda ya yi daidai da giram 40 na dafaffiyar tsokar kaza. Giram 40 ɗin nan idan ka yanka shi ƙanana zai ba ka gutsure 60 zuwa 80, sun ishe ka zama uku ko huɗu na minti 3 zuwa 5. Kada ka tsawaita zaman, hankalin kwikwiyo gajere ne. Kuma abin da ya ci a horo ka rage shi daga kwanonsa na dare. Idan nama ya yi yawa har ya fara ƙin ainihin abincinsa, matsala ta shigo: tsoka ba ta da sinadarin kalsiyam da ƙashi ke buƙata, kuma manyan irin karnukan gadi da ake yayi yanzu, su Boerboel da Caucasian da German Shepherd, sun fi saurin nuna hakan a ƙafafu.

Aibin kaza ɗaya ne, saurin lalacewa. A zafin bazara kada dafaffen nama ya wuce awa ɗaya a waje. A firij yana kai kwana 3, amma inda wuta ba ta tsayawa gara ka raba shi ƙulli-ƙulli na yini ɗaya ka jefa a firiza, ko ka riƙa dafa kaɗan kullum. Hanta ma kwikwiyo yana matuƙar son ta, sai dai ita ta babban aiki ce, kamar koya masa ya zo da gudu idan an kira shi. Gutsure huɗu ko biyar sun isa, domin yawanta yana sa zawo, kuma bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki.

Biskit ɗin kanti kuwa, amfaninsa bai wuce ka zuba a aljihu ya kwana bai yi wari ba. Guda ɗaya matsakaici yana iya kai kalori 30 zuwa 40, biyu sun cinye rabon yini. Ga tauri: kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, suna fara zuba tun wajen wata 4, manya 42 ba sa gama fitowa sai wajen wata 6 zuwa 7, dasashinsa na ciwo. Zai tsaya yana gurgura, ya bi ɓurɓushi a ƙasa, ya manta abin da ya yi aka ba shi.

Idan dole sai na kanti, to a yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu buɗe babban buhu su ƙuƙƙulla a farar leda ba suna ba kwanan wata, akwai masu manna sabuwar takarda a kan ranar ƙarewar aiki. Ka duba lambar NAFDAC, ka shafa wurin kwanan watan da yatsa ka ji ko an liƙa wani abu a kai, ka shaƙa. Warin tsohon mai ko alamar fumfuna, ajiye musu kayansu, domin gubar fumfunar hatsi da gyaɗa tana lalata hantar kare. Dalilin da ya sa ƙuli-ƙulin da ba ka san asalinsa ba shi ma bai dace ba ke nan. Busasshen naman leda da ake shigowa da shi daga waje kuma yana da tarihi: tun 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta karɓar koke a kan irinsa, yawanci wanda aka yi a Sin, har rahoton mutuwar karnuka ya haura 1,000, da yawa da ciwon ƙoda. Kuma duk ledar da aka rubuta ta karnukan da suka gama girma ce, kada mai shago ya ce maka "ai duk ɗaya ne".

Wasu za su ce a ba shi tsire ko kilishi tunda nama ne. A'a. Yajin da gishirin sun yi masa yawa, albasa da tafarnuwa kuma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, danye ko dafaffe ko gari. Haka cakulan da goro, inabi da zabibi, da cingam mai sinadarin xylitol, duk guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Madarar shanu kuma tana sa yawancinsu gudawa.

Wajen bayarwa, zaɓi kalma ɗaya, misali "yauwa!", ka faɗe ta daidai lokacin da gindinsa ya taɓa ƙasa, sannan nama ya biyo. Yi horon kafin cin abinci, lokacin da yake da 'yar yunwa. Miƙa a buɗaɗɗen tafi don kada ya koyi cafkar yatsa. Idan kana gudun yawunsa saboda tsarki, jefa masa a kan faranti a gabansa ko ka yi amfani da cokali mai dogon hannu, sakamakon ɗaya ne. A cikin gida inda babu abin ɗauke hankali, ƙwayoyin abincinsa na yau da kullum ma sun wadatar, ka adana kazar don waje da sabon darasi. Da ya gane umarni sosai, ka fara bayarwa jefi-jefi, wani lokacin nama, wani lokacin shafa kai da yabo.

Ka fara da gutsure kaɗan a rana ta farko ka duba kashinsa washegari. Idan ya ɗan yi ruwa, rage. Idan kuwa ka ga amai, zawo mai jini da kasala, kada ka ɗora wa tukuici laifi, suna iya zama alamun parvo, wata muguwar cutar hanji ta karnuka, musamman ga wanda bai gama allurar rigakafi ba. Kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.