Kwalin kayan zaƙin Sinterklaas daga Holan: wanne ya cancanci kuɗin aikowa Gombe?

Duk wanda ke da ɗan'uwa a Holan, idan aka yi masa tayin tsarabar watan Disamba, shawarata ita ce ya nemi ƙananan biskit ɗin da ake kira kruidnoten da yawa, ya rage buri a kan sauran. Na faɗi haka ne bayan mun ɗanɗana kwalin kayan zaƙin bikin Sinterklaas da ƙanwata, wadda ke karatu a can, ta aiko mana Gombe ta hannun wani matafiyi.

Ana yin bikin ne a daren 5 ga Disamba, jajibirin ranar tunawa da Nikolas, wanda a can ake kira Sinterklaas, wani bishop da ya rayu a Myra, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Tun tsakiyar Nuwamba ake nuna wa yara cewa ya iso daga Sifaniya a jirgin ruwa, su kuma suna ajiye takalmi da karas a ciki saboda farin dokinsa, da safe su tarar da alewa. Kayan da ke cikin kwalin namu su ne ake zubawa a wannan takalmi ko a watsa wa yara.

Kruidnoten ƙananan biskit ne masu ƙaras-ƙaras, girmansu bai wuce na cincin ba, kuma an haɗa su da kirfa da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi. Bakin da ya saba da kayan ƙamshi ba zai ji su baƙi ba, zaƙinsu bai yi yawa ba, kuma busasshiyar iskar hunturu ba ta yi musu komai. Da shayi suka fi tafiya, har mahaifiyarmu, wadda ba ta cika yabon abincin Turawa ba, ta ce a ɓoye mata nata. Pepernoten kuwa, masu laushi da danƙo, yara sun gutsura sun ajiye.

Harafin cakulan shi ne abin da ya fi ɗaukar ido, domin kowa ana ba shi harafin farko na sunansa, kuma masu yin sa kan daidaita nauyin haruffan don kada mai M ya fi mai I samu. Sai dai tafiya ta wahalar da shi: namu sun iso da farin dishi-dishi a jiki saboda zafin hanya, ɗaya ma ya karye. Daɗinsa na nan, amma cakulan ne kamar kowane, bai kai kuɗin nauyin da ya ci a jaka ba.

Akwai wurin da ya kamata Musulmi ya lura. Alewa masu laushi da ake gaurayawa cikin kayan watsawa sau da yawa da jelatin ake yin su, wanda a Turai galibi daga alade ake samo shi, don haka mai saye ya karanta bayan leda tukuna. Marsepein, wato haɗin almon da sukari, ba shi da nama, amma an saba sarrafa shi a siffar alade, kuma ba kowane gida ne zai karɓi hakan a faranti ba.

Ƙanwata ta ce abin da ya fi burge ta a bikin ba ya shiga kwali. Manya kan yi ƙuri'a a ɓoye, kowa ya ɗauki sunan wanda zai yi wa kyauta, ya naɗe ta cikin wani abin dariya da ya ƙera da hannunsa, ya haɗa da baitocin zolaya da mai karɓa zai karanta a gaban jama'a. Abin da ya sosa mata rai shi ne Zwarte Piet, mataimakin Sinterklaas da ake shafa wa baƙin fenti a fuska, ko da yake bayan shekaru ana jayayya yawancin garuruwa sun koma shafa ɗan baƙin hayaƙi kawai. Ga mai aikowa Gombe, leda uku ta kruidnoten ta fi wannan kwali gaba ɗaya amfani.