Wane kifin tang ya dace da tankinka na ruwan gishiri?

Kafin ka tambayi kuɗin kifi, ɗauko tef ka auna tsawon tankinka. Tang kifin teku ne da ake ajiyewa a tanki don ado, kuma kifin yawo ne, a teku wuni yake yi yana kai-komo a kan duwatsun murjani yana kiwon gansakuka, shi ya sa tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci. In tsawon bai kai santimita 120 ba, ka haƙura da tang gaba ɗaya.

Ga mai tankin lita 280 zuwa 400, babu kamar Tomini, wanda masana ke kira Ctenochaetus tominiensis. Ya samo sunansa daga mashigin tekun Tomini na tsibirin Sulawesi a Indunusiya, kuma girmansa ba ya wuce santimita 16. A shago ba ya ɗaukar ido: jiki ruwan ƙasa, bakin fikafikan sama da na ƙasa ruwan lemo, wutsiya fara. Sai ya zauna a gidanka za ka san darajarsa. Haƙoransa sirara ne kamar gashin buroshi, da su yake kankare dattin da ya kwanta a kan dutse da siririyar gansakuka mai ruwan ƙasa da ke lulluɓe gilashi. In ka duba da safe za ka ga sawun leɓensa jere a jikin gilashin. Ba ya yawan faɗa, kuma yana saurin karɓar abinci. Abu ɗaya ne ba zai yi maka ba: doguwar gansakuka mai kama da gashi ba ta dace da bakinsa ba, kada ka saye shi dominta.

Tang mai ruwan ɗorawa, Zebrasoma flavescens, shi ne na biyu. Yana kai santimita 20, yana cin doguwar gansakukar, amma yana da riƙe wuri, wato yana korar sauran kifi daga inda ya kama. Akasarinsa daga Hawaii yake, kuma da kotu ta dakatar da kamun kifin ado na kasuwanci a can a Janairun 2021, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Tun 2015 cibiyar binciken teku ta Oceanic Institute da ke Hawaii ta yi nasarar ƙyanƙyashe shi a tanki. Irin waɗannan sukan zo ƙanana, launinsu a koɗe, daga baya ya nuna.

Shuɗin tang, Paracanthurus hepatus, yana kai santimita 30, sai tanki mai tsawon santimita 180, kuma ga saurin kamuwa da cuta. A cikin sauran nau'o'in tang, Acanthurus leucosternon da Achilles ba na sabon shiga ba ne. Sohal azzalumi ne, Naso kuwa ya fi ƙarfin tankin gida.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen saye. Tunda mai ruwan ɗorawa ya yi tsada, ana iya miƙo maka ɗan Acanthurus pyroferus ko ɗan Acanthurus coeruleus, domin su ma ɗorawa ne suna ƙanana, sai sun girma su sauya launi. Na gaskiya yana da dogon baki, fikafikai masu tsayi, da farar ƙaya a gindin wutsiya. Haka kuma duk wanda ya ce maka ɗan shuɗin tang mai santimita 3 zai zauna a ƙaramin tanki, cinikinsa kawai yake nema.

Mafi muni shi ne kifin da aka kama da gubar sayanayid, abin da aka daɗe ana fama da shi a Filifin da Indunusiya. Gubar na lalata hanta da hanji, kifin ya yi kyau a ido, har ya ci abinci, amma ya riƙa ramewa ya mutu cikin 'yan makonni. Don haka ka tambayi kwana nawa ya yi a shagon, ka fi son wanda ya kai mako biyu, kuma a ba shi abinci a gabanka. Ka guji mai lotsattsen ciki, ko wanda naman bayan kansa ya zube, ko mai haki, ko mai goga jiki da dutse. Ramuka a fuska da gefen jiki galibi ana danganta su da rashin abinci mai kyau da ruwa mara tsabta. Wasu shaguna kuma suna zuba ɗan maganin jan ƙarfe a ruwansu, wanda bai isa kashe cuta ba sai dai ya ɓoye ta, ka kai gida fararen ɗige-ɗigen cuta su feso a jikin kifin.

Saboda haka kowane tang sai ya yi kwana 30 a tankin killacewa, wato wani tanki na daban, kafin ya shiga babban tanki. In za ka yi amfani da maganin jan ƙarfe irin Copper Power, ka riƙe shi tsakanin 2.0 da 2.5 ppm (wato miligiram a kowace lita), kana aunawa kullum, kuma kada ya taɓa shiga babban tanki, yana kashe murjani da jatan lande. In cutar ɗige-ɗigen ta riga ta shiga babban tanki, ɓacewarsu ba warkewa ba ce, ƙwayar ta sauka ƙasa ne tana hayayyafa. Sai an kwashe kifi duka an bar tankin kwana 76.

Gishiri ya tsaya a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafi digiri 24 zuwa 26, a maƙala busasshiyar ciyawar teku ta nori wadda ba gishiri ba mai, kowace rana. Tang na buƙatar iska sosai a ruwa, to inda wuta ke ɗaukewa, sai ka tanadi famfon iska mai batir kafin kifin ya iso. Wajen kama shi kuma ka yi amfani da roba mai murfi, domin ƙayar wutsiyarsa na sarƙewa a raga, tana kuma yanka hannu.