Gargaɗi ga masu kiwon kajin ƙwai: akwai mai sayar da 'yan tsaki da katin rigakafin Marek na bogi

Jama'a, duk mai shirin zuba 'yan tsakin kajin ƙwai ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko kwabo. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu kiwo, yana cewa shi wakilin wani babban gidan ƙyanƙyasa ne na Ibadan. Ƙarya yake yi. Naira 700,000 ya ci mini. Tsaki 500, kowanne a kan Naira 1,400, kuɗi a dunƙule, ban rage masa ko sisi ba. Naira 700,000. Yanzu kajin suna mako na 15, sama da 180 sun mutu, kuma kullum da safe sai an kwashe mushe.

Kada wani ya zo ya ce mini arha na bi. Farashinsa daidai yake da na kasuwa a lokacin. Da ya karya kuɗi da na gudu, don na san abin da arhar tsaki ke nufi. Kuma na tambaye shi. Wallahi na tambaye shi. Na ce, wace rigakafi aka yi musu a gidan ƙyanƙyasa? Ko inda-inda bai yi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, Rispens da HVT a haɗe, a bayan wuya, 0.2." Wato nau'i biyu na rigakafin cutar Marek, allurar mililita 0.2 ga kowane tsako. Wannan ita ce amsar da duk wanda ya san aikin zai ba ka. Ya turo hoton tankin naitirojin da ake ajiye rigakafin a ciki yana hayaƙi, ya turo bidiyon ma'aikata da fararen riguna suna yi wa tsaki allura, ranar da kaya suka iso kuma ga kati a manne a kwali da koren hatimi da lambar rukuni da kwanan wata. To me kuma mutum zai tambaya bayan wannan?

Ga waɗanda ba su san cutar ba, Marek ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma aikinta shi ne ta tsiro wa kaza ƙari a hanta da saifa da ƙoda da mahaifar ƙwai, ta kumbura jijiyoyi har ƙafa ta shanye. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai suna József Marek ne ya fara bayyana ta a 1907, rigakafinta kuma tun wajen 1970 ake amfani da ita. Ba ta da magani. Idan ta kama, ta kama. Allurar ranar farko ita kaɗai ce kariyar tsako, ko kuma wadda manyan gidajen ƙyanƙyasa ke yi a cikin ƙwai a kwana na 18. Shi ya sa maganar ta zama ta amana tsantsa: kai mai saye ba ka gani, tsakon da aka yi wa da wanda ba a yi wa ba kamanninsu ɗaya, lafiyarsu ɗaya, har sai ka ciyar da su wata uku. Macucin nan ya san haka sarai. Ya san kafin asirinsa ya tonu ka riga ka zuba musu buhunan abinci masu yawa, ka yi musu rigakafin cutar Gumboro, ka yi Lasota ta cutar Niyukasil, ka ƙona gawayi da kananzir wajen ɗumama su. Kaza 500 kafin su kai fara ƙwai suna cin abin da ya haura buhu 100 mai kilo 25. Ku lissafa wannan a kan Naira 700,000 ɗin.

A mako na 11 abin ya fara. Kaza ɗaya a kwance, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya ta miƙe baya, tana jan jiki da fiffike ta kasa kaiwa ga mazubin ruwa, 'yan uwanta suna tattake ta. Idonta biyu, tana son ci, ƙafa ce ta ƙi. Kwana biyu sai ga wasu uku, ɗaya fiffikenta ya saki yana jan ƙasa. Wasu kuma babu shanyewa, ramewa kawai suke yi, ƙashin ƙirji ya fito, tukku ya koɗe ya yanƙwane. Akwai wadda launin idonta ya koma toka-toka, baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya karkace. Na kira shi. Ya ce ƙarancin kalsiyam ne, in ƙara garin ƙashi a abinci. Da na sake kira ya ce abincina ne ba shi da kyau. Daga baya ya ce ai Niyukasil ce, ni ne ban yi Lasota a kan lokaci ba. Niyukasil! Wadda ke zuwa da zawo kore da tari da murɗewar wuya, ta share ɗaki cikin 'yan kwanaki? Wannan kuwa ɗauki ɗai-ɗai take yi, yau uku, gobe biyar, mako bayan mako.

Likitan dabbobi ya buɗe mushen a gabana. Hanta ta kumbura ta cika ciki, duk jikinta fararen ƙulloli kamar an watsa mata gero. Saifa ta ninka girmanta. Ya ɗaye naman cinya ya fito da babbar jijiyar ƙafa ta kowane ɓangare ya jera su: ta lafiyayyar ƙafar siririya ce fara mai ƙyalli da 'yan zane-zanenta, ta shanyayyar kuwa ta yi kauri ninki biyu, ta dushe ta koma ruwan ɗorawa, zanen ya ɓace. Akwai wata cutar mai kawo ƙari a hantar kaji, lukosis, amma ita ta fi bayyana bayan mako 16, ta ƙwai take bi, kuma ba ta kumbura jijiya haka. Tawa Marek ce.

Na san abin da wasu za su ce, cewa ko garken da aka yi wa rigakafi yana iya kamuwa. Gaskiya ne, kuma na fi kowa sanin dalilin. Rigakafin Rispens rayayyun ƙwayoyi ne, a cikin ruwan naitirojin ake ajiye ta, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan aka ciro kwalbar sai a tsoma ta a ruwa mai ɗumin digiri 27, ta narke cikin kamar minti ɗaya da rabi, a zuƙe ta a hankali a juye cikin ruwan haɗinta, kwalba mai ɗaukar tsaki 1,000 a mililita 200, a riƙa jujjuyawa, a gama amfani da ita cikin awa ɗaya. Kowane tsako mililita 0.2 a ƙarƙashin fatar bayan wuya. Idan naitirojin ya ƙafe a tanki, ko aka bar haɗin ya daɗe, ko allurar ta huda fata ta fita ta zuba a gashi, aikin ya tashi a banza. Kuma ko an yi daidai, sai tsako ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin kariyar ta kankama. Duk wannan na yi tunaninsa, har na fara yi masa uzuri a raina. Amma ɗakina wankakke ne, an feshe shi, ya daɗe babu kaza a ciki, kuma ba wannan ce ma hujjata ba.

Hujjata ita ce katin. Na nemi lambar gidan ƙyanƙyasar da ke jikin kwalin da kaina, na karanta musu lambar rukunin. Suka ce ba su san lambar ba, ba su san mutumin ba, ba su da wakili mai wannan sunan, hatimin ma ba nasu ba ne. Tsofaffin kwalayensu yake tsintowa. Kafin nan ma, tun ban kira su ba, wata Hajiya da ta sayi 200 a wurinsa ta turo mini hoton nata katin. Lamba ɗaya da tawa, alhali tsakanin sayenmu ya fi wata guda. Wani ɗan uwa mai 300, shi ma lambar ke nan. Bidiyon ma'aikatan nan da fararen riguna kuma ashe a intanet ya ɗauko shi. Inda yake samo tsakin, Allah kaɗai ya sani.

Abin da ya hana ni barci shi ne Hajiyar nan ta bakina ta san shi. Ni na ce mata, "Hajiya, ki saya, mutumin ya san aiki." Saboda me? Saboda "Rispens da HVT a haɗe, a bayan wuya, 0.2." Har yanzu ina jin muryarsa yana faɗa, a natse, ba gargada. Kuɗin adashenta ne ta zuba. Bai tsaya nan ba. A mako na 3 ya koma mata ya sayar mata da wata kwalba a leda da 'yar ƙanƙara, Naira 45,000, wai ƙarin rigakafin Marek ce ta zuba a ruwan sha. Babu rigakafin Marek ta ruwan sha. Babu ita. Ko busasshiyar HVT da ake ajiyewa a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ita ma allura ce, kuma ta ranar farko. Da kajinta suka fara faɗuwa ya sake kawo mata wani gari ruwan ɗorawa a roba, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, wai maganin shanyewar ƙafa ne daga waje, Naira 80,000. Ta ba shi. Ko da maganin bakteriya ne na gaske, me zai yi wa bairos da ƙari? Naira 45,000 da Naira 80,000 a kan matar da kajinta ke mutuwa a gabanta. Ni ma ya yi mini tayin garin nan, a nan ne na daka masa tsawa, tun daga ranar layinsa ba ya shiga.

Kuma asarar ba ta ƙare a mushe ba. Ƙwayar cutar daga gindin gashin kaza take fita, ta bi garin fata da ƙura, wata kazar ta shaƙa. Tana yin watanni da ranta a ƙurar ɗaki. Waɗanda suka tsira za su riƙa yaɗa ta har ƙarshen rayuwarsu, ƙwansu ma ba zai kai yadda ake so ba. Ke nan ɗakin da na gina da kuɗina sai na fitar da kowa, na kwashe dusar katako na ƙone, na kakkaɓe rufi da raga da fanka, na wanke da sabulu, na fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, na bar shi a rufe na makonni. Cutar ba ta kama mutum, amma kazar da cikinta ke cike da ƙari ba ta sayarwa ba ce, binne ta ake yi ko a ƙone. Ya ci mini Naira 700,000, ya bar ni da kuɗin abinci, ya bar ni da ɗaki mai cuta.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, an ce kada mu saki sunansa tukuna, shi ya sa ban sa ba. Amma hotunan katunan uku, da shaidar tura kuɗi, da saƙon muryarsa, da hoton hantar da jijiyar, duk zan ɗora su yau da daddare in sha Allahu, ku gani da idonku.

Kada ku tura kuɗi sai kun kira gidan ƙyanƙyasar da kanku, da lambar da kuka samo ba ta hannun dillali ba, sun tabbatar da shi da lambar rukunin. Sababbin tsaki nesa da tsofaffin kaji. Kaza ta shanye, ku kai ta wurin likita a buɗe, ko asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato. Duk mai irin katin nan mai koren hatimi ya turo mini hotonsa da adadin kuɗin da ya biya, muna haɗa su ne mu kai gaba ɗaya.