Darasin bariton a wurin tsohon sajen badujala: sauti ya fita, takarda ta ba ni kunya

Masu tambayata a kan darasin busa da tsohon sajen badujalar sojan nan yake bayarwa a Kaduna, ga abin da na gani. Kuɗinsa ba tsada.

Ta wajen fitar da sauti, Baba Saje gwani ne. Da farko bai ma bari na ɗauki bariton ɗin ba, wato ƙahon busa na ƙarfe irin na badujala, bakin busar kawai ya ciro ya miƙo mini, ya ce in yi ta kaɗa leɓɓa a ciki har su daina rawa. Bayan haka sai dogon sauti, do ɗaya tal, ka riƙe shi har numfashi ya ƙare. Na ƙosa ƙwarai, amma yanzu idan na busa, sautin yana fita da kauri da taushi, ba irin kukan begila ba. Shi ya fahimtar da ni cewa bututun bariton kusan ƙafa 9 ne, daidai da na 'yan'uwansa ƙahonin busa, tirambon da yufoniyam, duk tushen sautinsu ɗaya ne, wanda ake kira B filat, sai dai na yufoniyam ya fi faɗi, shi ya sa muryarsa ta fi zurfi. Da hunturu ya shigo bawul na biyu, cikin maɓallan da ake dannawa a sauya sauti, ya fara maƙalewa saboda ƙura, da hannunsa ya kwance, ya wanke, ya sa mai, bai karɓi ko sisi ba. Allah ya saka masa.

To amma akwai abin da har yau yake ci mini rai. Wata ƙungiyar busa ta gayyace ni atisaye saboda ba su da mai bariton. Aka ajiye mini takardar kiɗa, na duba alamar da ke farkon layukanta, wadda ke nuna yadda za a karanta sautukan, alamar bas ce. Ni kuwa ɗaya alamar, tirebul, kaɗai Baba ya koya mini, irin tsarin ƙungiyoyin busa na Ingila, inda yatsun mai bariton suke tafiya daidai da na mai kakakin konet. Do ɗin da na saba gani a ƙasan layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kansu, wanda ake busawa ba a danna komai ba, a takardarsu yana zaune a layi na biyu daga ƙasa. Aka ɗaga sanda, kowa ya shiga, ni ina riƙe da ƙaho kamar gunki. Yaron da ke busa tuba, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, shi ya riƙa rubuta mini lambobin bawul da fensir a ƙarƙashin kowane sauti.

Da na koma na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ana rubuta wa bariton da alama biyu ba?" Sai ya ce, "Ɗana, ka fara iya ɗaya tukuna." Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Ban ce ya koya mini a lokacin ba, amma ai faɗa ba ya cin minti ɗaya. Kuma tunda magana ta zo, sau da yawa sai ka zo ka tarar ya fita ba sanarwa, kuɗin mota ya tafi a banza.

Har yanzu ina zuwa, don sautin nan ban san inda zan same shi ba. Amma mai niyyar komawa tirambon ko tuba a ƙungiyar da ke karanta bas, ya yi magana da shi tun kafin ya biya kuɗin wata.